Idan tsohuwar manhajar imel ta ƙi haɗuwa

Masu amfani da Outlook Express, tsohuwar manhajar imel ta Microsoft, sukan yi kuka cewa saƙo yana shigowa, amma ya ƙi fita. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a duba lambar ƙofar SMTP, wato hanyar da saƙo yake fita, domin kamfanonin intanet da yawa sun toshe ƙofa ta 25 saboda saƙonnin banza. A mayar da ita 587 ko 465, a kunna tantancewa (shiga da suna da kalmar sirri), a rubuta cikakken adireshin imel a gurbin suna. Ƙofar karɓar saƙo kuwa 995 ce ga POP3, 993 ga IMAP, wato hanyoyi biyu na karɓar imel.

Wasu sun ce kwamfutar Windows XP ba ta iya TLS 1.2, wato tsarin tsaron da yake ɓoye bayanai a kan hanya, don haka gyaran saiti ba zai yi ba. Ni ma ina tare da su: a kwafe fayilolin .dbx, inda Outlook Express take ajiye saƙonni, tukuna, sannan a koma manhajar imel ta Thunderbird a sabuwar kwamfuta.