Dan Allah wa ya iya haɗa askirim ɗin kwakwa mai gina jiki a gida?

Maman Afnan

Assalamu alaikum ƴan uwa barkanmu da war haka, ya zafi ya yara. Dan Allah taimako nake nema gurin masu ilimin girki da ma'aikatan lafiya in akwai su anan. Yarana biyu basa son wake basa son ƙwai, nama ma sai an yi da gaske suke ci, amma in dai askirim ne ko mai keke suka ji yana wucewa sai sun tada hankalin gidan, shine nace me zai hana na dinga yi musu da kaina da kwakwa tunda suna sonta kuma naji ana cewa tana gina jiki. Wanda nake yi madarar kwakwa ce zalla da ɗan dabino bana sa sukari saboda Abbansu ma yana sha kuma an ce masa ya rage zaƙi, to matsalar in ya kwana a firiza sai yayi tauri cokali baya shiga, in ya fara narkewa kuma ruwa ya ware gefe mai ya ware gefe ga ƙanƙara ƙus ƙus a baki. Tambayata shine ya zanyi yayi laushi irin na kanti, kuma me zan ƙara ya zama da gaske yana da furotin mai yawa ba suna kawai ba. Ga kuma matsalar wuta kun dai sani. Nagode Allah ya bar zumunci.

Anti Bilki

Wa alaikumus salam Maman Afnan. Abu na farko da zan faɗa miki ƙanwata, kwakwa bata da furotin ɗin da mutane suke zato, mai ne ya cika ta. Madarar kwakwa mai kauri giram 100 furotin ɗin ciki bai fi giram 2 ba, mai kuwa ya haura giram 20, to kinga in ita kaɗai ce kin basu daɗi da ƙamshi amma abin da kike nema bai shiga ba. Kwakwar ki barta a matsayin mai bada ɗanɗano da maiƙo, furotin kuma ki nemo shi daga kindirmo da madarar gari da ƙwai.

Ga yadda nake yi. Kwakwa biyu manya, ki girgiza kiji ruwa na motsi a ciki kafin ki saya, in kin fasa kika ji warin tsami ko cikin yayi yauƙi kar ki yi amfani da ita. Ki kankare baƙin bayan nan, ki yanka ƙanana ki markaɗa a blenda da ruwan ɗumi kaɗan, ɗumi fa ba na sanyi ba dan da ruwan sanyi man zai daskare ya manne a jikin blendar ya barki da tsararo. Ki tace da abin tatar koko ki matse sosai, tatar farko ita kike so wajen kofi biyu, ta biyun ki ajiye kiyi shinkafa da ita.

Kindirmon kuma tun dare zaki juye shi a farin yadi mai tsabta ki ɗora kan rariya ki sa kwano a ƙasa ki saka a firji, kafin safe ruwan ya ɗige ya bar miki mai kauri wanda cokali zai tsaya a ciki. Wannan shine sirrin gaba ɗaya, dan ruwan da ya fita shine yake zama ƙanƙarar da kike ji a baki, kuma furotin ɗin ya tattaru guri ɗaya, tataccen yakan kai giram 9 zuwa 10 a kowane giram 100, wanda ba'a tace ba kuwa 3 zuwa 4 ne. Ki tanadi wajen lita ɗaya dan ki samu kofi biyu bayan tata.

Sai ki ɗora madarar kwakwar a wuta kaɗan kaɗan, ki kaɗa gwaiduwar ƙwai uku da madarar gari giram 100 da cokali ɗaya na garin kon fulawa, ki ɗebo madarar mai zafi ludayi ɗaya ki zuba a kan ƙwan kina kaɗawa sannan ki maida duka tukunya, kina juyawa ba tsayawa har yayi kaurin kunu, ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa in layin ya tsaya bai haɗe ba to yayi, ki sauke kar ki bari ya tafasa ƙwan zai dunƙule. Ki barshi ya huce sarai kafin ki zuba kindirmon, in kika haɗa da zafi tsamin zai tsinka shi. Dabinon ki jiƙa shi tun da wuri musamman in busasshen nan ne na Agadas mai tauri, ki cire ƙwallo ki markaɗa yayi sumul, kamar goma sha biyu zuwa sha biyar, ɗan gishiri a bakin cokali, sai ki haɗa komai a blenda ki sake bugawa.

In kin lissafa duka haɗin zai baki furotin wajen giram 75 zuwa 80, ki raba gida shida kowa ya samu 12 zuwa 13, daidai da ƙwai biyu kenan tunda ƙwai ɗaya giram 6 ne. Na kanti giram 100 bai wuce 3 zuwa 4 ba.

Maman Afnan

Kai Anti Allah ya saka da alkhairi ya ƙara buɗi, wlh ban taɓa sanin ana tace kindirmo ba. To maganar taurin fa, tatar ce kaɗai zata hana ko akwai wani abu?

Anti Bilki

Amin ƙanwata. Tatar zata rage amma ba ita kaɗai ba. Kinsan sukari ba zaƙi kawai yake bayarwa a askirim ba, shi yake hana ruwan ciki daskarewa gaba ɗaya shiyasa duk wanda aka cire masa sukari kwata kwata sai yayi tauri. Dabino da madarar gari zasu cike wani gurbin dan duk suna da nasu sukarin, in kin ƙara zuma cokali ɗaya ko biyu zaki ga bambanci. Amma madarar garin kar ki ce zaki ninka dan furotin ya ƙaru, in tayi yawa bayan kwana biyu zaki ji shi yashi yashi a harshe.

Na biyu iska. Injin askirim aikinsa kenan yana juyawa yana daskararwa yana shigar da iska, ke da baki da inji sai ki zuba a faffaɗan kwanon silba mara zurfi ki sa a firiza, duk bayan minti 30 zuwa 40 ki fito dashi ki kankaro gefen da ya fara kamawa ki buga da cokali mai yatsu ko miksa ki mayar, sau huɗu ko biyar. In bazaki iya wannan zirga zirgar ba ki zuba a robar yin ƙanƙara mai gida gida, in ya daskare ki ɓalle ki zuba a blenda ki buga a sha nan take, amma sai blendar mai ƙarfi ce. Kuma ko yaya kika yi na gida sai kin fito dashi ya sha iska minti goma kafin a ɗiba, wannan ba lalacewa bane haka yake.

Abban Sadiq

Salam. Kuyi haƙuri na shigo zancen mata, ni ina ɗaga ƙarfe ne shiyasa maganar furotin ta jawo ni. Hajiya Bilki tayi bayani mai kyau, abin da zan ƙara shine garin furotin da ake sayarwa a roba wanda ƴan jim, wato masu zuwa gurin motsa jiki, suke sha, ludayin cikinsa ɗaya wajen giram 30 yana bada furotin 20 zuwa 24, in aka sa biyu a haɗin nan lissafin zai kai wajen 120. Sai dai ba'a dafa shi, a ƙarshe ake zubawa bayan komai ya huce in ba haka ba zai yi gudaji, kuma yana shanye ruwa sosai sai an ɗan ƙara madara. Amma gaskiya Maman Afnan tunda yara ne ni ban ga dalilin kashe wannan kuɗin ba, yayi tsada yanzu ga jabu ya cika kasuwa, wanda zai saya ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Abin da ke gabanmu mai araha waken suya ne, busasshensa giram 100 furotin ya kai 36 babu hatsin da ya kamo shi, ko gyaɗa da muke yabo 25 ce. Maiɗakina awara take sawa, ɗanya wadda ba'a soya ba, ta markaɗa ta da madarar kwakwar tayi sumul, in akwai kwakwa da dabino da ɗan fulebo babu yaron da zai gane akwai awara a ciki.

Ummu Khalil

Abban Sadiq awarar kasuwa kam ban bada shawara ba, da ruwan tsami ake haɗa yawancinta kuma wannan tsamin yana fitowa fili in abu yayi sanyi, ga shi baka san ruwan da aka yi da shi ba kuma nan ba soyawa za'a yi ba balle wuta ta kashe komai. In za'a sa a yi ta a gida da lemon tsami, a tafasa madarar waken sosai ta dahu, a ɗauraye awarar kafin a markaɗa.

Ni maganar wuta na zo yi dan ita ce ta fi damun mu anan unguwar, sai a wuni a kwana ba'a kawo ba. Ba sai da firiza ba Maman Afnan. Ki sayi ƙanƙarar leda gurin masu sola ki farfasa ta ƙanana a buhu, ki zuba haɗinki kofi ɗaya a leda mai kauri ki fitar da iskar ki ƙulle ki sake sakawa a wata ledar dan kar ruwan gishiri ya shiga, sai ki samu roba mai murfi ki zuba ƙanƙara ki barbaɗa gishirin girki da yawa, gishiri kashi ɗaya ƙanƙara kashi uku ko huɗu, ki tura ledar tsakiya ki rufe ki naɗe da tawul kiyi ta girgizawa minti goma zuwa sha biyar. Gishirin yana sa ƙanƙarar ta narke amma sanyin ruwan ya sauka ƙasa da sifili sosai yana iya kusantar na firiza, kuma da yake kina girgizawa ƙanƙarar ciki bata samun damar yin manya, wlh yafi na firiza laushi. Ki ba yaran su girgiza da kansu zaki ga murna, amma da tawul ɗin dan sanyin yana ƙona hannu. Ki ɗauraye bakin ledar kafin ki kwance. Dusar kwakwar da ta rage bayan tata ma kar ki zubar, ki soya ta a busasshen kasko ba mai har tayi ja ki barbaɗa a kai tare da dakakkiyar gyaɗa.

Sista Hauwa

Slm ƴan uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma akwai abin da na gani a tambayar da bana so ya wuce, wato maganar maigida da aka ce ya rage zaƙi. Maman Afnan dabino sukari ne, busasshensa fiye da rabin nauyinsa sukari ne, zuma ma haka, jiki baya cewa wannan na Allah ne wannan na kamfani ne duk suna ɗaga sukarin jini, dabinon dai ya fi da ɗan harza da sinadarai. Muna ganin masu ciwon suga da yawa sun bar sukari sun koma shan zuma da cokali suna mamakin awo baya sauka, abin yana min ciwo sosai dan da niyyar gyara suke yi. In Abban Afnan zai sha ya sha rabin kofi bayan ya ci abinci ba kullum ba, in yana da abin awo a gida ya gwada bayan awa biyu ya ga yadda jikinsa ya karɓa, kuma ya faɗa wa likitansa. Man kwakwa kuma sama da kashi 80 cikin ɗari irin man nan ne mai daskarewa da ake cewa masu matsalar zuciya da kitsen jini su rage, to nashi a rinjayar da kindirmo a kan kwakwa. Mai ciwon ƙoda shi kuma ba'a ƙara masa furotin sai da izinin likita.

Ɓangaren yara, kar a ba jaririn da bai shekara ba zuma ko kaɗan. Ƙwai dole a dafa shi yadda Anti ta faɗa kar a sa ɗanye, sanyi baya kashe ƙwayoyin cuta kwantar dasu kawai yake yi. Kindirmo ki tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar, in baki yarda da inda kike saye ba ki kwantar da naki da madarar gari. In kuma aka ɗauke wuta askirim ɗin ya narke ya zama ruwa ya jima a haka to kar a mayar ya sake daskarewa a ba yara, madara da ƙwai ne a zafin nan na watan Afrilu. Ki dinga yin kaɗan wanda za'a shanye a kwana biyu ko uku. Kuma dan Allah kar a fasa yi musu tayin wake da ƙwai da kifi, ki canza salo ko alala ko ƙosai ko ɗanwake, yara suna sauya ra'ayi.

Maman Afnan

Jazakumullahu khairan gaba ɗaya, Sista na gode da wannan tunatarwar zan nuna masa ya karanta da kansa. Yau da dare zan ɗora kindirmon a rariya insha Allah, gobe mu gwada na leda da gishiri tunda wutar tamu ba tabbas. Tambaya ta ƙarshe Anti, ƙaramar tawa ƙwai yana sa mata ƙaiƙayi, in na cire shi me zan sa a madadinsa?

Anti Bilki

Ki cire shi kawai tunda yana mata haka, furotin giram 8 ne zai ragu a duka haɗin ba wani abu bane. Kon fulawar ki maida ta cokali biyu ki dama da madarar kwakwar a wuta yadda na faɗa, sannan ki samu ayaba biyu da suka nuna sosai har bawon ya fara ɗigo ɗigon baƙi ki markaɗa a ciki, zata bada santsin da gwaiduwar take bayarwa kuma sai ki rage dabinon zuwa takwas dan ita ma tana da zaƙi. In kinyi ki dawo ki bamu labari.