Zare ya ƙi shiga allura: me ake yi wa mutum a asibitin ido?

Tela daga Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 46, ɗinki nake yi tun ina saurayi. Tun bayan ƙaramar sallah zare ya daina shigar mini allura, sai na kira yaron shago ya zura mini. Da asuba in na buɗe Alƙur'ani sai na miƙe hannu can nesa kafin wasulla su rabu da juna. Na nesa kuwa lafiya lau, ina karanta lambar adaidaita sahu tun daga bakin titi. Maƙwabcina ya ce in shiga kasuwa in yi ta gwada tabarau har in dace, ba sai na kashe wuni guda a asibiti ba. Uwargida kuma ta ce da zarar na fara sa gilashi idon zai ƙarasa lalacewa. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini abin da ake yi. Akwai zafi?

Malamar firamare:
Wa alaikumus salam, Malam. Babu zafi ko kaɗan. Ni asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari na je bara. Ka yi sammako, domin jira ya fi gwajin kansa cin lokaci. Bayan ka yanki kati za a zaunar da kai nisan mita 6 daga wani allo mai haruffa, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, ka rufe ido ɗaya ka karanta, sannan ɗayan. Wanda bai yi boko ba akwai allon da harafi ɗaya ne kawai, sai ya nuna da hannu inda ƙafafunsa suka fuskanta. Daga nan ka ɗora haɓa a kan wata na'ura ka kalli ɗan hoto a ciki, ita ke ƙiyasta lambar gilashin da ya dace da idonka. Sai a sa maka wani firam mai nauyi a riƙa sauya gilasai ana tambayarka, wannan ko wancan? Nan ne wurin haƙuri. Kada kunya ta sa ka ce ya yi alhali bai yi ba. In duka biyun ɗaya suke a wurinka, ka faɗi haka. Kuma ka tafi da allurarka da zare a aljihu ka gwada a gabansu.

Ma'aikacin jinyar ido, Kaduna:
Yayana, abin da ka kwatanta ya yi kama da na shekaru. Daga wajen 40 madubin da ke cikin ido yakan fara tauri, ya kasa tattaro abin da ke kusa. Zai ci gaba a hankali har wajen 60, ka sa tabarau ko ba ka sa ba, shi ya sa lambar ke ƙaruwa mutane su ɗora wa gilashi laifi. Ka kwantar wa Hajiya da hankali.

Amma abin da ya sa nake roƙonka ka zo asibiti shi ne awon ƙarfin ruwan ido. Ko dai a hura maka 'yar iska, ko a ɗiga magani a taɓa idon da na'ura ba tare da ka ji ba. Yawancin masu lafiya tsakanin 10 da 21 suke. Sannan likita ya haska ciki ya duba jijiyar gani da ko akwai yanar ido. In za a buɗe ƙwayar idon da magani, ganinka zai yi dishi-dishi awa 4 zuwa 6, rana kuma za ta dame ka, don haka kada ka zo a kan babur kai kaɗai. In kana da ciwon suga ko hawan jini ka faɗa tun farko. Ka kuma gaya musu kai tela ne, domin nisan allura daga ido ba ɗaya ba ne da na mai aiki da kwamfuta.

Dattijo daga Gumel:
Ɗana, ka ji maganar ma'aikacin nan. Ƙanena shekara shida yana sauya tabarau na kasuwa, kullum yana karatunsa. Ashe glakoma, cutar da ke lalata jijiyar gani wadda sau da yawa hauhawar ƙarfin ruwan ido ke jawowa, na cin ganinsa ta gefe, babu ciwo babu ja. Sai da ya fara karo da ƙyauren ɗaki muka kai shi. Idon hagu ya riga ya tafi, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama ake riƙe da shi da maganin ɗigawa safe da dare. Washegari aka ce mu 'yan ɗakinsu duk mu zo a auna mu, domin tana bin jini.

Tela daga Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, Allah Ya ba ƙanenka lafiya. Na je ranar Talata, ɗana ne ya kai ni ya dawo da ni. Ƙarfin ido 15 da 16, jijiya lafiya. An rubuta mini +1.50 a dama, +1.75 a hagu, ashe idanun ma ba lamba ɗaya ba ne. Na zaɓi na karatu zalla tunda na nesa bai dame ni ba. Jiya na karɓo, yau da hannuna na zura zare baƙi a kan baƙar shadda. An ce in koma bayan shekara, kuma uwargida ta ce ita ma ranar Litinin za ta je.