Gajeren hutu a gaɓar tekun Ghana: Cape Coast da Elmina sun isa, ko mu ƙara gaba?

Baban Ummi, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka san ƙasar Ghana, musamman mazauna can. Na samu hutu daga wurin aiki wanda bai cika mako guda ba, kuma ya faɗo cikin watan Agusta lokacin da yara suke gida, shi ya sa ni da maiɗakina muka yi niyyar kai su su ga teku, domin babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinsu sai a talabijin. Ba ma so tafiyar ta ƙare a zaman otal. Ina so su taka tsofaffin garuruwa, su kuma ga yadda mutanen karkara suke rayuwa a ƙasar da ba tamu ba. An ambata mini Cape Coast da Elmina da dajin Kakum, wani kuma ya ce kada in dawo ban je Busua da Nzulezo ba. Shin za a iya haɗa waɗannan duka a ɗan lokacin nan? Ya dace a shiga da yaro ɗan shekara 9 ɗakunan da aka tsare bayi a tsofaffin kagarorin Cape Coast da Elmina? Sannan yaya batun abinci da masallaci da wanka a teku?

Alhaji Ɗan Zango, Accra

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a ja ka zuwa wurare biyar a kwanakin da ba su kai bakwai ba, domin yaran za su fi tuna kujerar mota fiye da teku. Nzulezo, ƙauyen nan da aka gina a kan ruwa, yana can kusa da iyakar Kodebuwa, kuma zuwansa daga Accra yana cin kusan yini guda. Ka bar shi sai wata shekara.

Daga Accra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, amma cunkoson garin Kasoa da ke kan hanya yana iya mayar da tafiyar awa uku ko fiye, saboda haka ku fita da sassafe. Akwai motocin haya a tashar Kaneshie, sai dai mai iyali ya fi samun sauƙi idan ya yi shatar mota. Elmina kuwa ba ta wuce kilomita 13 daga Cape Coast ba, don haka masauki ɗaya ya wadatar da garuruwan biyu. Ba ka bukatar biza tunda ƙasar tana cikin ECOWAS, amma ku riƙe fasfo da katin rigakafin cutar shawara na kowane mutum, har da yaran, domin ana tambayarsa.

Batun abinci kada ya dame ka. A kusa da kasuwar Kotokuraba a Cape Coast akwai zango da masallaci, kuma za ka iske masu jin Hausa. Da safe akwai koko da ƙosai, da hantsi akwai shinkafa da wake da suke kira waakye, nama kuma ku saye shi a hannun mahautan zango. Abincin Fante, ƙabilar yankin, na asali shi ne dokunu, wato tuwon masara da ake dafawa cikin ganye, da soyayyen kifi da yaji, kuma Agusta lokacin yalwar kifi ne a gaɓar. Ka kai yaran gadar da ke bakin tafkin Benya a Elmina da safe, su ga kwale-kwale masu fenti da tutoci suna shigowa, mata kuma suna cinikin kifi a kwano. Kada dai ka sa wannan a ranar Talata, domin bisa al'adarsu masunta ba sa fita teku a ranar.

Malamin Tarihi, Zariya

Baban Ummi, na goyi bayan Alhaji, kuma zan tsaya a kan tambayarka ta biyu domin ita ce ta fi nauyi.

Turawan Fotugal ne suka gina kagarar Elmina a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su tun farko kafin cinikin bayi ya mamaye komai. Turawan Holan sun ƙwace ta a 1637 bayan sun kafa igwa a kan tudun da ke fuskantarta, inda daga baya suka gina wata ƙaramar kagara da ake kira St. Jago, sannan ta koma hannun Ingila a 1872. A cikinta ne aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, a 1896 kafin a kai shi Saliyo, daga nan zuwa tsibiran Seychelles. Ta Cape Coast kuma 'yan Suwidin ne suka soma ta a 1653, Ingila ta mayar da ita cibiyarta, garin ya kasance hedikwatar mulkin Gold Coast, wato Ghana ta yau, har zuwa 1877 da aka mayar da ita Accra. Hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Mai zagayawa da baƙi zai shigar da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu duhu da ƙarancin iska, inda aka riƙa cusa ɗaruruwan mutane suna jiran jirgi, ya nuna muku ɗakin ibadar da Turawan suka gina a saman kurkukun maza a Cape Coast, sannan ya kai ku ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa. Manya ma suna fitowa da hawaye. Ra'ayina shi ne yaro ɗan shekara 9 zai iya shiga, matuƙar an yi masa bayani tun daga gida cikin harshen da zai gane, an kuma riƙe hannunsa. Wasu masu zagayawar sukan rufe ƙofar wani ƙaramin ɗaki na ɗan lokaci domin baƙi su ɗanɗana duhun. Ka roƙi mai zagayawar tun farko ya bar yaron a waje a wannan gaɓa. Kuma kagara ɗaya a yini ta isa, kada ku haɗa biyun.

Abin da nake so kada ya wuce ku shi ne wannan tarihi ya shafe mu. Fatakenmu sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, kuma Salaga, babbar kasuwar wannan fatauci, kasuwar bayi ce kuma. Mutanen da aka kamo daga arewa an bi da su ta cikin daji zuwa gaɓa, ana yada zango da su a Assin Manso, kimanin kilomita 40 arewa da Cape Coast a kan hanyar Kumasi, inda akwai rafin da ake cewa a nan suka yi wankansu na ƙarshe. Bai kamata yaranmu su fita daga wurin suna zaton labarin wasu ne na nesa ba, ko kuma Turawa kaɗai ne suka sa hannu a ciki. Idan lokaci ya ba ku dama, ku je Assin Manso kafin kagarar, domin labarin ya zo musu a jere.

Maman Khalifa, Kumasi

Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya kai ku lafiya. Ni a matsayina na uwa zan yi magana a kan teku, domin wanda ya saba da wankan kogi ko dam yakan raina shi. Tekun wannan gaɓa yana da raƙuman ruwa masu ƙarfi, akwai kuma janyowar da ke ƙasa wadda take kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum ta ja shi ciki ko da ruwan bai kai ƙugu ba. A yawancin wurare babu masu ceto. Yara su tsaya inda ruwa yake iya idon sawu, babba yana riƙe da su, kuma ku tambayi mutanen wurin kafin kowa ya jiƙa ƙafa. A Agusta ruwan yana da sanyi, sama kuma yawanci a lulluɓe take da gajimare, wanda ni a ganina alheri ne ga mai yawo da yara, amma ku taho musu da riguna masu ɗan kauri saboda iskar yamma.

Bakin tekun da ke cikin gari wurin sana'ar masunta ne, cike da taru da igiyoyi da hayaƙin bandar kifi, don haka na kallo ne, ba na shimfiɗa tabarma ba. Domin zama, ku nufi Brenu da ke yamma da Elmina, inda akwai yashi mai faɗi da inuwar itatuwan kwakwa. Ka faɗa wa maiɗakinka ta kwantar da hankalinta, babu mai kallon mace don ta zauna da hijabinta a bakin ruwa. Sai dai ranakun Asabar da Lahadi da yamma akwai kiɗa da taron matasa da shigar da ba lallai ku so yara su gani ba, saboda haka safiyar ranakun aiki ta fi muku.

Karkarar da kake nema kuwa tana kan hanyar Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Za ku ratsa ƙauyuka da gonakin koko da rogo da kwakwar manja, ku ga mata suna dafa manja a bakin hanya, kuma idan kun yi sallama kun nemi izini za su nuna wa yara yadda ake yi. A dajin akwai gadoji bakwai na igiya da katako da aka ɗaura tsakanin manyan itatuwa tun 1995, wasunsu sun haura mita 30 daga ƙasa. Akwai hawan tudu kafin a kai gare su, don haka a sa takalmi mai rufi, kuma wanda yake jin tsoro kada a tilasta masa. Kada a yi wa yara alkawarin ganin giwa. Suna cikin dajin, amma ba kasafai suke bayyana ba.

Ɗan Takoradi

Ina girmama ra'ayin Alhaji, amma ban yarda a ajiye Busua tare da Nzulezo a ma'auni ɗaya ba. Malam ya ce abin da ya fara tayar da tafiyar shi ne yara su ga teku, kuma Busua na cikin wuraren da ruwansu ya fi sauƙin shiga a gaɓar nan, shi ya sa ma ake koyar da wasan hawa igiyar ruwa a can. Tana kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi, daga Cape Coast kuma tafiyar awa biyu zuwa uku ce. Kusa da ita akwai Dixcove, garin masunta mai tasa tsohuwar kagarar Ingilishi. Idan za ku iya ware kwana biyu na ƙarshe, ku je. Idan kwana ɗaya ne kawai, to maganar Alhaji ta fi tawa, domin komawa Accra daga can doguwar tafiya ce ga wanda jirgi yake jira.

Baban Ummi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da maiɗakina mun lissafa, mun ga kwana biyun da Busua take bukata ba za su samu ba, saboda haka za mu sauka a Elmina mu yi komai daga can: Assin Manso da kagarar Cape Coast a yini ɗaya, Kakum da ƙauyukan hanya a wani yinin, sauran kuma a raba tsakanin kagarar Elmina da Brenu. Alhaji, saura tambaya ɗaya gare ka: ya fi kyau in canza kuɗina zuwa sidi tun a Accra, ko zan samu 'yan canji a zangon Cape Coast?