Wanda bai sha ranar wasannin share fage ba, ya cancanci rigar Black Stars, tawagar ƙwallon ƙafa ta Ghana?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ni dai maganata ɗaya ce: ɗan wasan da aka haifa a Turai, ya zauna jira sai da ƙasar can ta daina kiransa sannan ya tuna da Ghana, kada a ba shi riga. A Maris 2022 su wa suka tare Najeriya a filin Baba Yara na Kumasi aka tashi babu ci, suka bi ta Abuja Thomas Partey ya ci mana aka yi 1-1? Tikitin gasar cin kofin duniya ta Qatar na shiga hannu, a Yuli sai ga Inaki Williams da Tariq Lamptey. Wasu suka yi noma, wasu suka zo da buhu.

Malamin Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mu raba tsaki da tsakuwa. Dokar FIFA ta ce bayan fasfo, sai an haife ka a ƙasar, ko uwa, ko uba, ko ɗaya cikin kakanni, ko kuma ka zauna shekara 5. Inaki iyayensa biyu 'yan Ghana ne, haihuwarsa kawai aka yi a Bilbao. Wasa 1 ya buga wa babbar tawagar Sifaniya, na sada zumunta, a 2016. Ba ba shi ɗan ƙasa aka yi ba, gida ya dawo.

Ɗan Aboabo: Malam, ai dokar ce nake kuka da ita. Tun gyaran 2020, ko ka buga wa wata ƙasa wasan gasa, in bai wuce 3 ba, kafin ka cika 21, sai ka jira shekara 3 ka sauya. Mun zama wurin fakewa kenan.

Hajiya ta Sabon Zango: Ɗana, wallahi maganarka ta taɓa ni. A 1969 gwamnatin Busia ta kori waɗanda ta kira baƙi, Zango ya ga tashin hankali, mutanen da a nan aka haife su aka loda su a mota. Har yau ɗan Zango ya je neman katin ƙasa sai a tsare shi da tambayar garin kakansa. Mu da muka san zafin wannan tambaya, mu ne za mu yi wa ɗan wani?

Kawu Direba: Hajiya ta gama magana. Kuma wa ya fara zura wa Amurka ƙwallo a Rustenburg, a gasar cin kofin duniya ta 2010? Kevin-Prince Boateng, haifaffen Berlin.

Ɗan Aboabo: Kawu, shi ne dai aka koro daga sansani a Brazil a 2014.

Kawu Direba: Tare da Sulley Muntari aka koro su, shi kuwa ɗan Konongo ne, nan kusa da mu.

Malamin Asawase: In kuna neman wanda aka ba ɗan ƙasa na gaske, ku duba Mohammed Muntari. A Kumasin nan aka haife shi, ya tafi Qatar, ya zauna, suka ba shi takarda. Shi ya ci musu ƙwallonsu ta farko a tarihin gasar cin kofin duniya, a ragar Senegal. Wannan ya fi ci mini rai: namu ya fita ba mu gan shi ba.

Ɗan Aboabo: Hajiya, ki gafarce ni, na janye maganar wurin haihuwa. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: ya kamata hukumar ƙwallon Ghana ta ce duk mai son riga ya zo tun ana share fage, ya sha ranar Kumasi tare da ɗan wasanmu Mohammed Kudus. Wanda ya bari sai an raba tikiti, ya jira gasa ta gaba.