An ce sunan da nake addu'a da shi na aro ne

Sabuwar Mai Bi: Salama gare ku. Ku yi haƙuri, yau cikina ya cika. Wata huɗu ke nan da aka yi mini baftisma. Jiya a taron addu'a aka ce in rufe mana, karon farko da na buɗe baki a gaban jama'a, gabana sai faɗuwa yake yi. Na ce "Ya Allah, Ubanmu", na yi 'yar addu'ata, aka ce amin. Muna fita wani ɗan'uwa ya tare ni a bakin ƙofa, wai sunan da na kira na aro ne, na taho da shi daga tsohuwar rayuwa, sunan gaskiya shi ne Yahweh. Tun daren jiya in na durƙusa sai bakina ya kulle. Wanda na saba da shi ina tsoron kira, wanda aka ba ni kuma baƙo ne a harshena. Ku da kuka daɗe a hanya, yaya kuka yi har sunan ya zauna muku a baki?

Malamin Lahadi: Aro? Aro a wajen wa? 'Yar'uwa, buɗe Farawa 1:1 a Littafi Mai Tsarki da ke hannunki, ki gaya mini wa aka ce ya halicci sama da ƙasa. Tun fassarar Hausa ta 1932 Allah muke karantawa. Abin da ya haura shekara casa'in a hannunka ba mai kiransa aro.

Ɗan Sihiyona: Malam, daɗewa ba ta mai da kayan aro naka. Kayan aro ba ya rufe katara. Kalmar Larabci ce, kowa ya sani. Shi da kansa ya faɗa wa Musa sunansa a Fitowa sura 3, kuma sunan ya zo wajen sau 6,800 a Tsohon Alkawari. Mafassara suka lulluɓe shi da "Ubangiji".

Malamin Lahadi: To madalla, mu mayar da kayan aro duka. Littafi, addu'a, sujada, mala'ika, annabi, Almasihu, duk Larabci ne. Coci Turanci ne. In mun gama mayarwa sai ka yi mana wa'azi da bebanci.

Ɗan Sihiyona: Ba ba'a muke yi ba. Littafi kaya ne, suna kuwa suna ne. In aka rubuta sunanka a takarda, wani ya goge ya sa "maigida" sau dubu shida, za ka yarda?

Shugaban Zaure: Ni dai Ubangiji nake cewa. Hausa ce tsantsa, uban gida ke nan. A ci gaba cikin ladabi.

Ɗalibin Tauhidi: Bari in ɗan sa baki. Abin da ke rubuce a Ibrananci baƙaƙe huɗu ne: yod, he, waw, he. A da ba a rubuta wasula. Yahudawa sun daina furta sunan saboda girmamawa, in sun iso kansa sai su ce Adonai, wato Ubangiji. Babban firist yakan furta shi a Haikali a Ranar Kafara, Haikalin kuma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70. Saboda haka "Yahweh" ɗin ma ƙiyasin masana ne, mai ƙarfi dai, amma ƙiyasi. Manzanni kuma da Helenanci suka rubuta, suka ce Kurios, wato Ubangiji, suka ce Teyos, kalmar da Helenawa ke kiran allolinsu da ita. Dubi Romawa 10:13, inda Bulus ya ɗauko Yowel 2:32. A Yowel baƙaƙen nan huɗu ne, Bulus ya rubuta Kurios. In aro laifi ne, da shi za a fara.

Ɗan Sihiyona: Ka ji 'yan makaranta. Shekara biyu a aji har an fara gyara wa Bulus zama.

Ɗalibin Tauhidi: Shekara uku. Kuma goyon bayansa na yi, sake karantawa.

Mai Jita: Ni tambayata, Jehobah fa? Muna da waƙoƙi da yawa da sunan, ko su ma a zubar?

Ɗalibin Tauhidi: Wasulan Adonai ne aka ɗora a kan baƙaƙen don tunatar da mai karatu, Turawa suka karanta su a haɗe. Tyndale ya sa shi a fassararsa ta Turanci a 1530.

Mai Jita: Wato kuskure muke rerawa? Kai da ba ka taɓa zuwa koyon waƙa ko sau ɗaya ba.

Mama Zumunta: 'Ya'yana, ku bar zancen Jehobah ɗin nan kafin masu ƙwanƙwasa ƙofa su ji su shigo mana.

Mai Jita: Mama, sunan ya girme su. A 1931 suka fara kiran kansu Shaidun Jehobah.

Ɗan Katolika: Mu kam an raba mana gardama. A 2008 Vatican ta aika wa bishof-bishof wasiƙa cewa kada a furta sunan nan a sujada, ko a waƙa ko a addu'a, a ce Ubangiji. Kadinal Francis Arinze ne ya sa hannu.

Ɗan Sihiyona: Ashe! Na san a rina. Roma ce ta fara ɓoye sunan.

Ɗan Katolika: Yanzun nan aka gaya maka Yahudawa ne, tun kafin a haifi Almasihu. Fassarar Helenanci da ikilisiyar farko ta karanta ma Kurios take cewa.

Ɗan Sihiyona: Ku fara cire gumakan da ke majami'arku, sannan mu yi magana.

Ɗan Katolika: Laifi tudu ne. Mu ba mu sayar da man shafawa a kwalba.

Shugaban Zaure: An goge saƙo biyu. Wanda ya sake ambaton ɗarikar wani zai huta kwana uku.

Malamin Lahadi: Mu koma kan aro. Kiristocin Masar da Labanan da Siriya Allah suke cewa a sujadarsu, kuma Larabci harshensu ne na gado. Su a wajen wa suka ara? A Malta, ƙasar Katolika, Alla suke cewa.

Ɗan Sihiyona: A Malesiya fa? Kotu ta hana Kirista kalmar. Masu kaya sun karɓe kayansu.

Malamin Lahadi: Wata jarida ce ta Katolika aka hana. Ta yi nasara a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2013. Ka lura da kyau, Kiristocin ne suka je kotu don a bar musu sunan. Hujjarka tawa ce.

Ɗan Sihiyona: Katolika kuma. Na faɗa muku.

Mama Zumunta: 'Yata, kina nan? Ni ban yi karatun su ba. Shekarata ta fari ban iya komai ba sai Addu'ar Ubangiji, "Ubanmu wanda ke cikin sama". In kin durƙusa fara da nan, sauran za su biyo. Shi kuma mai tare mutane a bakin ƙofa, ki gaya mini ko wane ne a gefe.

Mai Jita: Mama, in wanda nake zato ne, shi ne ya ce jitata ta cika ƙara.

Ɗan Sihiyona: In da ni kake, fito fili. Ban ma je taron jiya ba. Amma Halleluya da kuke rerawa, "ya" ɗin ƙarshe guntun sunan ne. Kullum kuna furtawa, kuna musu.

Ɗalibin Tauhidi: Wannan kam gaskiya ne.

Ɗan Sihiyona: Ba na buƙatar shaidarka.

Sabuwar Mai Bi: Na gode, Mama. Zan gwada. Sunansa kuwa ba zan faɗa ba.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, ga taƙaitawa. An tattauna cikin ƙauna. Ta tabbata Allah daga Larabci yake, Yahweh ƙiyasi ne, Jehobah kuskuren Turawa ne, saboda haka kusan kowa ya amince Ubangiji ya fi dacewa, kamar yadda na faɗa tun farko, har Roma ma ta bi bayanmu. Ɗalibinmu ya yi ƙoƙari, sai dai a rage tsawon rubutu. 'Yar'uwarmu ta gamsu. An rufe wannan batu.

Malamin Lahadi: Shugaba, wa da wa ne "kusan kowa"? Ni ban amince ba.

Mai Jita: Ni ma. Kuma ba wanda ya ce kuskure ne sai mutum ɗaya, ranar Lahadi da waƙar Jehobah za mu buɗe.