Me ya sa ba a saka wa ƙarfen gefen titi sifirin?

Ɗan Jega: Assalamu alaikum. Injiniyoyinmu, ina da tambaya. Ƙarfen da ake kafawa a bakin gada da kwana, irin na hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi, mota na dukansa sai ya lanƙwashe, sai an canza. Me zai hana a sa masa sifirin a baya, ya karɓi dukan ya koma yadda yake?

Malamin Kimiyya, Argungu: Wa alaikumus salam. Ai lanƙwashewar ita ce aikinsa. Sifirin ba ya cinye makamashi, ajiya yake karɓa, kuma yana mayar da ita kusan cif. Mota mai kilo 1,500 a gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da makamashi kilojul kusan 580 (kilojul ma'aunin makamashi ne). A kilomita 50 kuwa 145 ne kacal, domin idan gudu ya ninka biyu, makamashin ninkawa huɗu yake. Sifirin da ya karɓi wannan zai cilla motar tsakiyar titi, gaban tirelar da ke tafe, mutanen ciki su sha duka sau biyu, na shiga da na dawowa.

Abin da ake nema shi ne tsayawar ta yi tsawo. Motar nan in ta tsaya cikin rabin mita, jikin fasinja zai ji kamar nauyinsa ya ninka kusan sau 79. In ta tsaya cikin mita 6, bai kai sau 7 ba. Ƙarfen da ya lanƙwashe, turken da ya kwanta yana yage ƙasa, duk suna mayar da makamashin zafi, ba ya dawowa.

Bakanike na Tasha: Haka ne Malam. Ko a mota, cire shokozoba ka bar sifirin kaɗai, ka ga yadda take ta tsalle bayan ta faɗa rami. Man da ke cikin shokozoba ne ke kashe tsallen.

Injiniya Gusau: Sai dai a lura, wannan ƙarfe ba don karon gaba-da-gaba aka yi shi ba, don goga ne. A gwajin Turai na EN 1317, ana turo mota mai kilo 1,500 a gudun kilomita 110 a karkace, digiri 20. Abin da ya faɗa wa shingen kusan kilojul 82 ne, sauran yana tafiya da motar gaba.

Fallen ƙarfen shingen da aka saba gani tsawonsa mita 3.81 daga haɗi zuwa haɗi, turaku a tazarar mita 1.9, kowace mahaɗa da noti takwas masu kaurin milimita 16. Da an doke shi, fallayen ke miƙewa kamar igiya, su raba nauyin ga turaku da yawa. To a nan ɓarnar take: a kwance noti a bar biyu, mahaɗar ta ɓalle, ƙarfen ya zama mashi. Haka idan aka ɗora fallayen a baibai. Dole wanda mota ke fara tararwa ya hau kan na gabansa, don kada baki ya tsaya yana fuskantar mota.

Sannan damina. Ruwa ya kwashe ƙasar gindin turke, sai ya tuge ba tare da ya riƙe komai ba. Ko a ƙara kwalta a kan tsohuwa ba a ɗaga shingen ba. Samansa ya kamata ya kai wajen santimita 79 daga ƙasa. In ya gaza sosai, Hilux da bas tsallake shi za su yi, ko su kife.

Ɗan Jega: Na gode, Allah ya ƙara basira. To bakin shingen fa, inda ya fara?

Injiniya Gusau: Nan ne ya fi haɗari. Ko a karkatar da bakin nesa da titi a ɗaure shi da waya a gindin turke, ko a sa masa kai na musamman da ke zamewa yana murƙushe fallen. Gaban ginshiƙin gada kuma ana jera gangunan roba cike da yashi, marasa nauyi a gaba, wajen kilo 90, masu nauyi a baya, don motar ta rage gudu kaɗan-kaɗan.