Lesa don baƙin tabon kumatu: wa ta taɓa yi?

Maman Haidar: Salam 'yan uwa. Tun ina da cikin Haidar baƙin tabo ya fito min a kumatu da saman leɓe, likita ta ce melasma ce. Yaro ya shekara uku, tabo na nan daram. Ni baƙa ce, ban taɓa bilicin ba. An ce a yi min lesa, wato maganin tabo da hasken na'ura, zama 4 a Abuja. Wadda ta yi ta faɗa min gaskiya kafin in kai kuɗina.

Ummu Sadiq: Ki dage da dilka da kurkur kawai.

Hajiya Talatu: Ƙanwata, don Allah ki dakata. Ni na yi, irin ta CO2 mai saɓule fata. Kwana biyar fuskata kamar an watsa min tafasasshen ruwa, da safe in tarar da ɓawo a kan matashin kai. Na yi fes na sati uku, har suna na je ba hoda. Zafin Afrilu na shigowa, ga tsayuwa gaban murhu, tabon ya dawo ya fi da baƙi, har inda babu shi a da. Wata takwas da niƙabi nake zuwa biki. Dubu 450 ta tafi. Sai daga baya likitan fata ya gaya min baƙar fata in ta ƙone ƙara duhu take yi.

Zee: Dubu 450? A Kano dubu 60 aka ce min zama ɗaya.

Hajiya Talatu: Na'ura iri ɗaya ce?

Anti Nas: Ba ɗaya ba ce. Irin lesar da ake kira Nd:YAG ta fi sauƙi ga fatarmu, amma ita ma tabon kan dawo. Da man kare rana ake farawa, kullum, musamman mai launin hoda, sai man da likita zai rubuta na 'yan watanni. Maman Haidar, kina shan ƙwayar tsarin iyali? Tana iya tayar da shi.

Ummu Sadiq: Anti, ke ai ɓangaren haihuwa kike, ba fata ba.

Anti Nas: Masu cikin da yake fito wa a gabana suke wucewa.

Zee: Maigida ya biya mana, ai cikin ɗansa ne ya jawo 😂

Maman Haidar: Ina sha fa, Anti. In daina ke nan?

Rabi'atu: Ni masu haɗa mai a WhatsApp ne suka cuce ni. Kwalba ba suna, dubu 15, wai na tabo ne. Wata biyu jijiyoyi suka fito min ja a kumatu, in na daina shafawa fuskar ta hau ƙaiƙayi.

Hajiya Talatu: Mai farin murfi? 'Yar yayata shi take shafawa yanzu haka.